Ranar da Dagmara Ta Ce Na Gode

Duk wanda ya zauna a Lipnik a waɗancan shekarun, ta baya ya fara sanin Dagmara Sroka kafin ya san fuskarta. Jelar gashinta ake fara hangowa, kitse guda ɗaya mai kaurin igiyar guga, ta sauko ta wuce ƙugu tana dukan cinya. Abin takaicin, uwarta Danuta ce mai shagon gyaran gashi na layin kasuwa. Shekara talatin almakashi na hannunta, babu macen garin nan da kanta bai bi ta gabanta ba, amma kan 'yar cikinta ya gagare ta. Kowa kuma ya san dalili. Mu nan, daga ranar da 'yan ajin ƙarshe suka yi rawar kwana ɗari, wadda ake yi saura kwana ɗari a zauna matura, jarrabawar fita sakandare, ɗalibi ba ya kai almakashi kansa sai an gama, don kada ya yanke karatun tare da gashin. 'Ya'yan mutane kwana ɗari suke yi su huta. Dagmara ta shiga shekara ta biyar.

Ba daƙiƙiya ba ce, wannan dai sai a faɗa. Gaggawa ce ta yi mata katutu tun tana tatata. Ubanta Lucjan, direban bas, shi ya raɗa mata suna Yanzu-yanzu, sunan kuwa ya bi ta. Ranar jajibirin Kirsimeti, da ake wuni ba a ci ba sai tauraro na farko ya fito, tun la'asar take maƙale a taga tana rantsuwa ta gan shi. Wata shekara fitilar jirgin sama ta nuna musu, kafin a gama musu ta kai loma uku. Karas da uwar ta shuka a bayan gida kuwa, tumɓuke shi take yi ta ga ko ya yi girma, ta mayar ta danne da ƙafa. Lucjan sai ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, "Ƙyale ta, Danuta, in ta girma za ta daina." Ta girma, ba ta daina ba.

A makaranta bakinta ya yi ta fitar da ita. Harshen Poland, Turanci, tarihi, duk abin da za a iya kamawa a tsaye ta kama shi. Lissafi kuwa zama yake so, ita kuma kujera cizonta take yi. A shekararta ta ƙarshe Lucjan ya kwanta, wata uku a asibiti a Lublin, a can ta koyi juya majiyyaci, da shafa masa mai, da ba shi ruwa da cokali ba tare da ya ƙware ba. Wata tsohuwar nas ta tsaya tana kallonta, ta ce, "Yarinya, hannunki na wannan aikin ne." Maganar nan ta zauna mata a zuciya daram, har bayan an binne uban. Sai dai makarantar koyon jinya ba ta duba hannu, takardar matura take dubawa, takardar kuma ba ta fita sai an ci lissafi. Maki hamsin ne, sha biyar ake nema. Sha biyar kacal!

A watan Mayu na farko ta samu tara. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ana ba shi dama ya sake a Agusta, Danuta ta ce to kada a taɓa gashin tukuna. A Agusta ta samu sha ɗaya. Shekara ta biyu ta yi fushi ta tafi aikin gonar furanni a Holan, ba ta ma zauna ba. Ta dawo ta samu takwas, ta samu sha biyu, ta koma goma. Kowace kaka sai ta sayo sababbin littattafan rubutu da alƙaluma kala-kala, ta zana jadawali mai kyau ta manna a bango, ta yi kwana uku tana bi. Rana ta huɗu waya za ta yi ƙara, ƙawarta Kinga ce, "Fito mu sha iska, minti goma." Shi ke nan an rufe littafi sai wata kakar. Abin da ba ta taɓa wasa da shi ba shi ne al'ada: jan zare a cinya ranar jarrabawa, aron alƙalami daga wanda ya ci, shiga zaure da ƙafar dama, ga gashi da ta bari yana ta tsawo yana sa mata ciwon wuya. Tana wanke kawunan mutane a shagon uwarta, tana share gashin da aka yanke, nata yana reto a baya kowa na gani.

A watan Oktoba na shekarar da nake ba da labari, Uwargida Stefa, wadda ta yi shekara ashirin tana aikin rubuce-rubuce a ofishin makaranta, tana zaune da kanta cikin na'urar busar da gashi. Ba ta jin muryarta, don haka da ƙarfi ta yi maganar, duk shagon ya ji.

"Danuta, kin dai san bana ce ta ƙarshe ko? Shekara biyar doka ta bayar. In ta sake faɗuwa, har waɗanda ta ci sun tashi a banza, sai dai ta sake komai daga farko. Ke Dagmara, wannan jelar, sai yaushe? Ko so kike mu riƙe miki ita ranar aure?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. Dagmara na tsaye riƙe da tsintsiya. Ta san dokar, ta dai tura ta can bayan zuciya ne kamar yadda take tura komai. Sake komai? Littattafan adabin da ta karanta shekara biyar baya ko sunayensu ba ta tuna ba. Ta ɗaga ido don ta ga fuskar uwarta, sai idon ya sauka a hannu. Danuta na ƙoƙarin buɗe almakashi, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi sun karkace, sai da ta sa ɗaya hannun ta taimaka. Likita ya daɗe da ce mata ta ajiye aikin nan, ciwon gaɓoɓi ba ya son sanyin ruwa da matsa ƙarfe.

Da suka rufe shago Dagmara ta ce, "Mama, ki daina aikin nan mana. Dubi hannunki."

"Zan daina. Kai ɗaya ya rage min."

"Wane kan?"

"Kin fi kowa sani. Ni na fara yanke miki gashi kina wata tara, ni zan yanke wannan. Ba zan miƙa wa wata almakashina 'yata na yawo da shaidar faɗuwa a baya ba."

Ran nan Dagmara ta kasa cin abinci. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, ga kunya, ga haushin kanta. Washegari uwar ta ja ta har hawa na uku na wani tsohon bene, gidan Malam Zenon Pytlak, wanda ya koyar da rabin garin lissafi kafin ya yi ritaya, ciki har da Lucjan. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune da tulin kwalaben kokwamba mai tsami a baranda. Danuta ta ce ba ta da abin biyansa, amma aski kyauta ne har ƙarshen rayuwarsa. Ya shafa kansa, wanda ko silin gashi babu, ya ce, "Uwargida Danuta, kin iya ciniki." Ya juya ga Dagmara. Bai tambaye ta lissafi ko ɗaya ba. Ya miƙo hannu.

"Wayar."

Ta ba shi. Ya buɗe tukunyar miya da babu komai a ciki, ya jefa, ya rufe da murfi. Ya ɗauko ƙaramin agogon dafa ƙwai ya murɗa, ya ajiye mata tambaya ɗaya.

"Minti goma. Ko kin iya ko ba ki iya ba, ba ruwana. Kada dai ki tashi."

A minti na huɗu wayar ta yi gurnani a cikin tukunya, murfin na karkarwa. Kafin ta san abin da take yi tana tsaye.

"Huɗu," in ji shi, ya rubuta a bayan ambulan. "Ubanki yakan kai shida. Zauna, mun koma farko."

Haka aka fara, kuma kada wani ya ce muku da daɗi aka yi. Sati biyu ta yi kafin ta cika minti goma. Ƙafarta na rawa, kanta na ƙaiƙayi, fitsari ya matse ta, ta tuna ba ta kashe dutsen guga ba, ƙarya dai iri-iri da jiki ke yi wa mai shi. Malam Zenon ba ya faɗa, ba ya lallashi. In ta ce tana son shayi sai ya ce, "Bayan ƙararrawa." In ta ce bari ta leƙa amsar a bayan littafi, "Bayan ƙararrawa." Har yankan burodin da yake ba ta da zuma sai ya ajiye shi a gabanta tun farko, tana jin ƙamshi, ba ta da ikon taɓawa. Ta tsane shi. Sau uku tana saukowa daga benen tana kuka tana rantsuwa ba za ta koma ba, sai ta iso shago ta tarar da uwar ta tsoma hannuwa a ruwan ɗumi tana cije leɓe, washegari ta sake hawa.

Zuwa Kirsimeti ta kai minti arba'in. Wayar ta koma kwana a tukunya daga Litinin zuwa Asabar. Kinga ta zo shago ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Ke, mutuwa kika yi ba a gaya mana ba? Na sa ranar aurena, sha bakwai ga Agusta, ke ce babbar ƙawa. Na kira ki ya fi sau ashirin!"

"Wayata na cikin tukunya."

"Tukunya? Tabɗi! Lissafin ya fara taɓa ki."

Suka yi dariya suka rungume juna, amma da Kinga ta ce su je su zaɓi riga ranar Asabar, Dagmara ta ce sai bayan Mayu. Wasan ƙanƙara, sai bayan Mayu. Wani saurayi mai gyaran tagogi da ya yi ta zarya a shagon yana neman aski alhali kansa a aske yake, shi ma sai bayan Mayu, bai kuwa jira ba. Duk ranar Asabar da ƙarfe tara Malam Zenon kan ba ta tsohuwar takardar jarrabawa, ya murɗa babban agogo, minti ɗari da saba'in cif kamar yadda ake yi a zaure. A Fabrairu ta fara kaiwa ƙarshe. A Maris ta samu sha shida, ta yi tsalle har jelar ta ture kofi. A Afrilu sha tara, sha bakwai, ashirin da ɗaya. Tsohon ya ce, "Ba laifi," wanda a bakinsa ya fi kirari.

Bishiyoyin kashtan na kan titi suka yi farin fure, alamar matura ta zo. Ran jarrabawa Danuta ta hana ta kitsa kanta, ta ce ita za ta yi. Ta fi rabin sa'a a kan abin da a da minti uku ya ishe ta, Dagmara na jin yatsun na kuɓucewa suna sake kamawa, tana jin numfashin uwar a ƙeyarta. Suka taka har ƙofar makaranta. Yara 'yan shekara sha tara cikin fararen riguna sun cika wurin, ita ce babba, wasu ma ita ta wanke musu kai ranar rawarsu. Ta juya baya kamar yadda ake yi, uwar ta ɗaga gwiwa ta ɗan buga mata a mazaunai don sa'a. Ƙa'idar abin ɗaya ce, yaron goye ma ya san ta: ba a godiya. Wanda ya gode ya kori sa'arsa. Sau biyar Dagmara tana karɓar bugun nan bakinta gum. Ran nan ta waiwaya, ta ga uwar na ɓoye hannuwan a ƙarƙashin hammata saboda zogi, zuciyarta ta karye, maganar ta fito da kanta.

"Na gode, Mama."

Danuta ta daka tsalle ta toshe mata baki. "Yesu da Maryamu! Me kika ce? Tofar! Tofar da ita!"

Ta tofa sau uku ta kafaɗar hagu, amma ina, an riga an ji. Wata yarinya a gefe ta kama baki. Aka kira sunanta ta shiga, ta ma manta da wace ƙafa. A zaure ta buɗe takarda, lambobin na iyo, abu ɗaya ke kai kawo a kanta: na kore ta, na kore ta da bakina. Ta amsa waɗanda ta sani. Da ta iso tambayoyin da ke son tunani sai ta ji zauren ya matse, jelar ta yi nauyi kamar an rataya mata dutse, ta ce a ranta me ya rage, an riga an gama. Ƙarfe sha ɗaya da minti biyar ta ɗaga hannu ta miƙa takarda ta fita, saura minti arba'in da biyar a tashi.

Farkon Yuli sakamako ya fito. Sha huɗu.

Maki ɗaya. Ta zauna a kan matakalar makaranta da takardar a hannu, ta kasa ko kuka. A shago Danuta ta yi ta yi, tana dukan cinya. "Ni na jawo! Da na ɓoye hannun nan da kyau da ba ta gani ba. Godiyar nan ce, Stefa, godiyar nan ce ta cinye mana maki ɗaya." Uwargida Stefa ta gyaɗa kai, ta ce ai ɗan ƙanwarta ma haka ya yi a jarrabawar tuƙi. Kafin yamma duk layin kasuwa ya ɗauka. Dagmara ta kwana biyu a ɗaki da labule a sauke. Ta ɗauko almakashin ɗinki ta riƙe jelar a hannu, ta ce bari ta datse banza ta koma Holan ta huta da idon mutane. Ta kasa, saboda kan ba nata ba ne ita kaɗai, an riga an yi wa wata alkawarinsa.

Rana ta uku Malam Zenon da kansa ya sauko daga benensa, abin da ba ya yi sai ranar kasuwa, ya aika a fito da ita. Bai yi mata jaje ba. Ya tasa ta gaba har teburinsa, ya ajiye mata takardar Mayu, ita dai wadda ta faɗi, ya murɗa agogo.

"Malam, me amfanin..."

"Bayan ƙararrawa."

Ta zauna. Wajen awa biyu da fara aiki ta ajiye alƙalami ta ce ta gama. Ya nuna agogo da haɓa. Don rashin abin yi ta koma kan tambayoyin da ta tsallake, tana tsaki, ta zana, ta goge, ta sake zanawa. Da ƙararrawa ta buga ya ja takardar ya bi ta da jan alƙalami, sannan ya juyo mata da ita. Sha tara.

"Ranar jarrabawar ina tsaye a gindin kashtan ɗin da ke kallon ƙofa," in ji shi. "Na ga fitowarki. Sha ɗaya da minti biyar. Na koma gida ban ci abincin rana ba." Ya ɗora yatsa a kan shafukan ƙarshe. "Maki biyar ɗin nan, duk a minti arba'in na ƙarshe kika same su yau. Ran nan ma suna nan a kan kujerar, kika tashi kika bar su. Ki gode wa uwarki sau ɗari in kin ga dama, ta cancanta. Amma tsakani da Allah, Dagmara, ni na tsufa, ba ni da wata dabarar da zan koya miki. Ashirin ga Agusta ce ta ƙarshe. Za ki zauna ko ba za ki zauna ba?"

Sai a lokacin kukan ya zo, ta kifa kai a teburin ta yi mai isarta. Ya bar ta ta gama, ya tura mata burodi da zuma, karo na farko ba tare da ya murɗa komai ba.

Sati bakwai suka rage, kuma bazara ce, lokacin da duk mai ƙafa a Lipnik yake bakin tafki. Ta tagar hawa na uku tana jiyo ihun masu wanka da kiɗan motar mai sayar da askirim. Kullum minti ɗari da saba'in, har Lahadi bayan coci. Zufa na bin jelar tana jiƙa mata riga. Wata rana sha takwas, wata rana sha uku, ranar sha ukun sai ta ji kamar ta faɗa ta tagar. Ta rame, idanunta suka faɗa. A shago almakashi ya fara faɗuwa daga hannun Danuta, sau biyu a gaban mutane, har wasu suka fara sulalewa zuwa sabon shagon da ke kusa da tasha.

Auren Kinga ya faɗo ranar Asabar, jarrabawa Talata. Bikinmu kuwa kwana biyu ne, ci da sha da rawa, babbar ƙawa ba ta da ikon zama. Dagmara ta je coci, ta tsaya a bayan amarya, ta sa hannu a takarda a matsayin shaida. Da aka fito ana watsa shinkafa, motoci na ta oda, ta ja Kinga gefe ta ce ita daga nan gida za ta wuce.

"Wasa kike."

"Ba wasa nake ba. In na je ba zan iya dawowa da wuri ba, na san kaina."

"Kwana ɗaya, Dagmara! Aurena! Shekara biyar kina faɗuwa, yau ɗaya ce za ta cece ki? Tun muna 'yan shekara shida muke shirya ranar nan!"

"Ki yafe min."

"Je ki, malamar lissafi. Allah ya ba da sa'a." Ta tattare farar rigarta ta shige mota, ba ta waiwayo ba.

Dagmara ta tsaya har motar ƙarshe ta ɓace. Ta hau bene da doguwar rigar biki da takalmi mai tsini, ta zauna, ta ce Malam ya murɗa. Hawaye na ɗiga a kan takardar tana sharewa da gefen hannu. Ran nan sha biyar ta samu.

Talata mutum bakwai ne kawai a zauren, duk waɗanda suka faɗi. A ƙofa Danuta ta ɗaga gwiwa ta buga, ta yi maza ta kai hannu kusa da bakin 'yar ko da za a kuma. Dagmara ta datse haƙora ta shige. Takardar ta fi ta Mayu tsauri, tun shafi na biyu ta gane haka. Sha ɗaya saura wani yaro ya tashi. Sai wata, sai wani. Sha ɗaya da kwata ita kaɗai ta rage, da masu tsaro uku da ke kallon agogo suna kallonta, ɗaya na fifita da takarda. Ta lissafa abin da take da tabbas a kai, sha uku, ko sha huɗu. Ƙofa a buɗe, iska na shigowa, komai na jikinta na cewa tashi. Ta kamo jelar ta naɗe ta a hannun hagu, ta zauna a kan ragowar, yadda in ta miƙe sai ta fizge kanta. Akwai wata tambaya a kan alwatika da ta tsallake sau biyu. Ta zana shi babba. Ta rubuta abin da aka bayar. Ta yi layi ɗaya, ya kai ta ga na biyu, na uku ya ƙi. Tana cikin kokawa da shi aka ce a ajiye alƙalami.

Sati uku aka jira. Ranar da sakamako ya iso makaranta ta je ita kaɗai, ta karɓi ambulan, ba ta buɗe a can ba. Ta riƙe shi ta ratsa layin kasuwa, mutane na leƙowa, ta shiga shago ta ajiye a gaban madubi. Uwar ta kasa yage bakin, sai Uwargida Stefa ce ta fizga ta buɗe, ta ɗaga tabarau.

"Talatin cikin ɗari. Sha biyar ke nan cif! Danuta, ta ci! Ja'irar ta ci!"

Danuta ba ta yi ihu ba. Ta dafa kujera ta ce, "Zauna." Ta yafa mata ƙyalle, ta ɗauko almakashinta na ainihi, wanda ta fara aiki da shi, ta kama jelar daidai kafaɗa. Ta matsa. Bakin almakashin ya kama gashin ya tsaya. Ta sake matsawa da hannu biyu, fuskarta ta yamutse, ƙarfen ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta tsaya tana kallon yatsunta, sai hawaye.

"Ba zan iya ba. Na jira, na jira, ga shi ranar ta zo hannun ya tafi."

Uwargida Stefa ta ce a hankali, "Kawo in datse mata, ke kya daidaita."

Dagmara ta sunkuya ta ɗauki almakashin, ta warware kitson da kanta, gashin ya bazu ya rufe bayan kujera. Ta ware 'yan silalla, abin da bai fi kaurin ashana ba, ta miƙa wa uwar ta kafaɗa tare da almakashin.

"Kaɗan-kaɗan, Mama. Ba inda za ni."

Haka aka yi shi. Danuta ta yanka ta huta, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta dawo. Stefa ta juya allon ƙofa ya nuna an rufe. Tun kafin sha biyu aka fara, sai da rana ta karkata aka gama, 'yar da Lucjan ya raɗa wa Yanzu-yanzu tana zaune ko motsi ba ta yi ba. Da aka cire ƙyallen Danuta ta ja baya ta duba, ta girgiza kai.

"Ya karkace. Hagu ya fi dama tsawo. Shekara talatin ban taɓa yin aski mai muni irin wannan ba."

Dagmara ta dubi madubi, ta juya wuyanta da ya zama sakayau, ta kamo kumburarrun yatsun nan ta riƙe.

"Na gode, Mama."

Hannun Danuta ya zabura zai toshe mata baki, ya kai rabin hanya, sannan ta tuna an gama.